Maganin kansar maƙogwaro da leza, wai har yanzu a kan ɓeraye ake gwadawa?

Ummu_Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah mai sani ya taimaka min, kawuna ne muryarsa ta dishe wata da watanni, da aka saka masa kyamara aka ɗebi nama aka ce kansa ce a igiyar murya amma ba ta yi nisa ba, likita ya ce za a iya ƙone ta da leza ta baki ba sai an tsaga wuya ba. To na shiga intanet sai nake ta ganin bincike a kan hamsta (wata ƙaramar dabba mai kama da ɓera) da ɓeraye, wlh gabana ya faɗi, kar dai gwaji za a yi da shi?

Dan_Likitan_Dabbobi:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba kawu lafiya. Ki kwantar da hankalinki yaya, wannan aikin ya daɗe da barin ɗakin gwaji. Wani likita mai suna Jako ya fara gwada nau'in lezar da ake kira CO2 a maƙogwaron karnuka a Boston, shi da abokin aikinsa likita Strong suka wallafa aikinsu a kan mutane tun 1972, daga baya wani likita Steiner a Jamus ya faɗaɗa shi sosai. Abin da kike gani na dabbobi sabbin dabaru ne ake ta tacewa.

Hamsta kuma dalilin da ya sa ake sonta, tana da wata jaka a kumatu da take ɓoye abinci, ana iya jawo jakar waje a gan ta ƙuru-ƙuru. Tun 1954 wani mai bincike Salley ya nuna in ana shafa mata sinadarin DMBA kansa na fitowa, yawanci sau 3 a sati ake shafawa, fatar ta fara kauri ta yi fari fari sannan bayan watanni kaɗan ƙari ya ɓullo, kin ga mai bincike zai iya haska leza a daidai matakin da yake so ya ga me zai faru. Ɓeraye kuma sinadarin 4NQO ake zuba musu a ruwan sha, kansar ta fito a harshe.

Hajiya_Nas:
Gaskiya ne, amma dai hamsta ba mutum ba ce, jakar nan siririya ce kuma garkuwar jiki ba ta aiki a wurin kamar sauran jiki, shi ya sa ba a ɗaukar sakamakon a kai shi kan mara lafiya kai tsaye. Sannan leza kala-kala ce, CO2 yanka take tana ƙonewa, KTP jijiyoyin jinin da ke ciyar da ƙarin take bi, akwai kuma wadda sai an ba mutum magani tukunna a haska jan haske, wannan kam sai ya yi makonni yana gudun rana. Ƙanwata ki tambayi likitan wacce zai yi amfani da ita, kuma za a kai naman da aka cire ɗakin gwaji a duba gefensa ko an kwashe duka? Wannan ya fi komai muhimmanci a wurina.

Ummu_Hanan:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. CO2 ya ce. Ranar Litinin za mu koma, zan tambaye shi maganar gefen naman, da ko muryar za ta dawo, don kawu ladan ne a masallacin unguwarmu.