Sukarina yana sauka alhali ba ni da ciwon sukari, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu ilimin lafiya ku taimaka min, abin nan ya tsaya min a rai.

Kusan wata biyu ke nan, awa biyu zuwa uku bayan na ci abinci sai jikina ya hau rawa, gumi ya keto min, zuciyata ta riƙa bugawa, ga wata irin yunwa mai tsanani. Mahaifiyata tana da na'urar auna sukari ta yatsa, sai na fara gwadawa. Sau uku ina samun 62, 65 da 58. Da na sha wani abu mai zaƙi, cikin minti goma sha biyar komai ya lafa.

Na je asibiti, an yi min gwajin HbA1c (wanda ke nuna matsakaicin sukarin jini na watanni biyu zuwa uku da suka wuce), ya fito 5.2, likita ya ce lafiya lau nake. Ba na yin allurar insulin ko shan wani maganin sukari.

Inda na rikice shi ne, na ga ana cewa ƙasa da 70 ya yi ƙasa, wasu kuma suna cewa ga wanda ba shi da ciwon, sai ya kai ƙasa da 55 ake ɗaukarsa da muhimmanci. Kuma na'urar yatsa tana iya kuskure, musamman a ƙananan lambobi.

To shin in nemi a ɗebi jinina daga jijiya a daidai lokacin da alamomin suka zo? Ko in fara rage kayan zaƙi, in riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan? Tsorona shi ne ya kama ni ina tuƙi.