Neman shawara: cushen shinkafa na Ranar Godiya, ba alkama ba kayan dabba

Hajiya daga Ohio:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman taimakonku kafin lokaci ya ƙure. Ɗana na fari ya yi aure a nan Amurka, kuma bana a gidana za a yi cin abincin Ranar Godiya, wanda ake yi ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba. Iyayen yarinyar za su zo, mu goma sha biyu ke nan. Gasa talotalo ba ya ba ni tsoro. Abin da ya ɗaure min kai shi ne cushen da ake ci da shi, wanda suke kira sitofin. A al'adarsu da busasshen burodi, man shanu da romon kaza ake yin sa. To surukar tawa tana da ciwon siliyak, ko ƙwayar alkama ba ta shiga bakinta. Ƙaninta kuma ba ya cin duk abin da ya fito daga dabba, har ƙwai, madara da zuma. Ina so in yi cushe guda ɗaya na shinkafa wanda kowa zai ci, kada a ware su biyu da ɗan kwano a gefe kamar marasa gata. Wace shinkafa zan saya? Me zai ba shi ɗanɗano tunda babu romo? Kuma me zai riƙe shi kada ya watse?

Ma'aikaciyar jinya daga Maryland:

Wa alaikumus salam Hajiya. Bari in fara da ɓangaren lafiya, masu girki su zo da nasu. Don Allah ku raba mutanen nan biyu a ranku. Na ƙanin zaɓi ne, a girmama masa. Na surukarku ciwo ne. Mai siliyak idan ya ci gulutin, wato sinadarin da ke cikin alkama, sha'ir da hatsin rai, garkuwar jikinsa ce take juyawa ta cinye fatar cikin ƙaramin hanji, abinci ya daina shiga jiki yadda ya kamata. Kusan mutum 1 cikin 100 ke da shi. Wani ko ciwon ciki ba zai ji ba amma ɓarnar tana tafiya, don haka "ai ɗan kaɗan ne" ba ya aiki a nan.

Shinkafa kowace iri ba ta da gulutin, haka acca, gero, dawa da masara. Inda ake faɗawa rami shi ne kayan ɗanɗano. Wasu dunƙulen miya akwai garin alkama a cikinsu, wasu kuma akwai kitsen kaza ko na sa, kun ga an ɓata wa mutum biyu a lokaci ɗaya. Miyar waken suya ta kwalba da alkama ake haɗa ta. Romon kayan lambu na kwali ma sai an karanta. Dokar Amurka ta tilasta a rubuta alkama a jikin kaya, amma ba ta tilasta bayyana sha'ir haka ba, don haka ku bi jerin kayan haɗin da ido, idan kun ga "barley" ko "malt" ku mayar da shi inda kuka ɗauko shi. Mafi sauƙi ku nemi wanda aka rubuta "gluten-free". Tun 2014 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ba ta yarda a sa wannan rubutun sai gulutin ɗin ciki bai kai kashi 20 cikin miliyan ba.

Sai kayan aiki. Muciya da ludayin katako da katakon yanka da suka saba da fulawa ku ajiye su ranar. Rariyar da kuke tsane taliya ma haka, ramukanta suna riƙe abu. Idan za ku yi cincin ko fanke na baƙi, ku gama su kwana ɗaya kafin nan ku goge kicin, domin garin fulawa yana tashi ya sauka kan abin da ke buɗe. A kan tebur kuma cushen ya samu cokalinsa shi kaɗai.

Inna daga Kano:

Ikon Allah. Hajiya ni dai ban ga abin wahalar da kai ba. Ki yi musu dafa-duka mai kyau da mai da kayan miya, ki zuba karas da koren wake, shi ke nan. Baƙo ai abin da ya tarar yake ci.

Hajiya daga Ohio:

Inna dafa-duka tana cikin lissafi, ita ce ma za ta cika tebur. Amma ranar nan a wurinsu idan babu cushen kamar Sallah ce ba miyar taushe. Yarinyar ta ce tun da aka gano ciwon take kallon mutane suna ci, shi ya sa na ɗauki abin da zafi.

Uwargida daga Minneapolis:

Hajiya kin zo gidan abin. A nan Minnesota cushen shinkafa ba baƙon abu ba ne, saboda muna da wadda ake kira shinkafar daji. Baƙa ce, doguwa, siririya, kuma a gaskiya ba dangin shinkafarmu ba ce kai tsaye, ciyawar ruwa ce da ke fitowa a tafkuna. Mutanen Ojibwe, 'yan asalin yankin, har yau suna girbinta cikin kwalekwale da sanduna biyu, kuma tun 1977 jihar ta ɗauke ta a matsayin hatsinta. Iyayen surukarki suna ganinta a kwano za su san abincin biki ne.

Ga yadda nake yi, ya ishi mutum goma sha biyu tunda akwai wasu abinci a gefe. Kofi 1 na shinkafar daji, kofi 2 na basmati. Kada ki haɗa su tukunya ɗaya, nan ne mutane ke ɓata girkin. Ta dajin da ake nomawa tana cin minti 45 zuwa awa guda, da kofi 3 na ruwa, sai kin ga ƙwayoyin sun tsage farin ciki ya leƙo. Wadda aka girba da hannu ta fi saurin dahuwa, ta kuma fi tsada. Basmati kuwa ki sauke ta da ɗan saura, domin za ta ƙarasa a oben.

Romo ki yi naki, ya fi na kwali kuma hankalinki ya kwanta. Albasa biyu har da ɓawon, karas, seleri, tafarnuwa, ɗan masoro da ganyen bay, ki bar su su tafasa kamar minti 40 ki tace. Da shi za ki dafa shinkafun duka biyu.

Ɗanɗanon yana cikin suya, kuma suyar tana son haƙuri. Man zaitun a wadace, ki zuba albasa manya uku yankakku, wuta kaɗan, ki yi ta juyawa har su yi ja su yi zaƙi, kusan rabin awa. Ki kwashe. A wannan kaskon ki ƙara wuta ki soya laimar kwaɗi irin ta ci da ake sayarwa a shago, kamar rabin kilo. Kashi-kashi za ki soya, idan kika tara su da yawa ruwa za su fitar su dahu maimakon su soyu. Kada ki sa gishiri sai sun yi launin ƙasa. Su ne suke tsayawa a madadin nama. Daga nan seleri, tafarnuwa, tayim da ganyen sej. Sej ɗin nan kada ki tsallake shi ko da hancinki bai saba ba, ƙamshinsa ne Ba'amurke yake ji ya ce yau Ranar Godiya ce. Amma da sannu, yana da ɗaci idan ya yi yawa. Sai tuffa ɗaya yankakke, busasshen kiranberi (wani jan ɗan itace mai tsami) rabin kofi ko zabibi, da soyayyen pikan ko kashu idan babu mai matsala da su.

Ki juye komai a faranti mai zurfi, ki yayyafa romo kamar kofi guda, ki rufe da takardar foyil. Oben a kan 350 na ma'aunin zafi na nan (Fahrenheit), wato kusan 180 a ma'aunin gida (Celsius), minti 25. Ki buɗe ki ƙara minti 10 saman ya ɗan ƙame.

Wani abu kuma, yawancin girke-girken da za ki gani a intanet suna cewa a zuba farar giya a kasko bayan suya. Romo da ɗan ruwan lemon tsami ko khal na tuffa suna yin aikin. Khal na sha'ir ne kawai ba za ki taɓa ba.

Matashiya daga Landan:

Anti ta gama magana, ni abu ɗaya zan ƙara: daddawa. Mama, abin da kuke nema a romon nama yana cikin daddawar ɗorawa, ga ta ba dabba ba alkama. Ku daka kaɗan, kamar ƙaramin cokali ɗaya, ku soya ta tare da albasar tun farko warin ya kwanta. Ba wanda zai gane ta, sai dai a yi ta tambayar me kuka sa.

Ma'aikaciyar jinya daga Maryland:

Daddawa ta yi, amma mai ƙwaya-ƙwaya wadda za ku daka da kanku. Garin da aka niƙo daga gida, ko na daddawa ko yaji ko citta, ban yarda da shi ba a wannan girkin. Injin unguwa da ya niƙa alkamar wani da safe shi zai niƙa naku da rana, kuma yaji da yawa an daka shi da dunƙule.

'Yar'uwa daga Sudan, mazauniyar Alkahira:

Salam Hajiya. Ni dariya ma abin ya ba ni, domin cusa shinkafa a kayan lambu abincinmu ne na yau da gobe, mahshi. A Sudan galibi da niƙaƙƙen nama muke yi, amma a nan Masar mafi yawa ba nama: ɗanyar shinkafa, tumatir, albasa, da ganyen ƙamshi irin su shabat, fasili da kuzbara, a cusa a tattasai, gauta ko ganyen kabeji, a jera a tukunya a dafa a wuta kaɗan. Kiristocin nan idan suna azuminsu ba sa cin nama, madara da ƙwai, don haka irin wannan girkin sun daɗe da ƙwarewa a kansa. Idan za ki bi hanyarmu da ɗanyar shinkafa, kada ki cika tattasan, ki bar kamar kashi ɗaya cikin uku, in ba haka ba ta kumbura ta fasa shi. Idan kuma dafaffiyar Uwargida za ki cusa, cika shi har baki.

Shawarata dai ki cusa wani kaso a cikin wani abu. Yaron nan ba zai ci talotalo ba, ya kamata a ce akwai abin da zai zauna a tsakiyar farantinsa.

Hajiya daga Ohio:

Allah ya saka da alheri, na cika shafi biyu da rubutu. Saura tambayoyi biyu. Zan iya ɗibar rabi in cusa cikin talotalon, rabi a faranti? Kuma har yanzu ba a gaya min abin da zai riƙe shi ba.

Uwargida daga Minneapolis:

Za ki iya, amma ni ba zan yi ba. Wanda ya shiga cikin talotalo ya sha kitse, ya fita daga hannun yaron, sai kin yi kwano biyu da cokali biyu kina gadi, abin da kika ce ba ki so. Ga kuma batun dahuwa: ma'aikatar noma ta Amurka ta ce tsakiyar cushen sai ya kai 165 a ma'aunin nan, kusan 74 ke nan, kuma kafin ya kai ƙirjin tsuntsun ya bushe. Ki jefa albasa, lemo da ganyen ƙamshi a cikinsa kawai. Shi ma talotalon ki duba takardarsa, wasu an yi musu allurar romo, kuma ɗan ƙunshin miyar da ke zuwa da wasu akwai fulawa. Miyar da za ki yi da ruwan gashin ki kaurara ta da garin sitacin masara saboda surukarki.

Maganar 'yar'uwarmu ta Alkahira gaskiya ce. Yanzu lokacin ƙananan kabewa ne, ki sayi masu koren baya, ki raba biyu, ki kwashe 'ya'yan, ki shafa mai da gishiri, ki kife su a oben mai zafi 400 kamar minti 35. Ki juyo su ki cika da cushen, su koma minti 15.

Riƙewa kuwa, cushen shinkafa ba ya yankuwa kamar na burodi, da cokali ake ɗibarsa, kuma haka suka san shi. Idan kina so ya ɗan haɗe jiki, cokali 1 na garin irin filas (flaxseed) da cokali 3 na ruwa suna tsayawa a madadin ƙwai ɗaya.

Inna daga Kano:

Wane irin filas kuma? Hajiya ki dafa rabin kofi na shinkafar tuwo ta yi luguf, ki dama ta ki cuɗa da sauran. Abin da ke riƙe malmala ba zai kasa riƙe wannan ba. Ko ki murƙushe ɗan dafaffen dankalin Hausa a ciki.

Uwargida daga Minneapolis:

Wallahi Inna ta fi ni. Shinkafar tuwon ta fi, ba ta canza ɗanɗano. Idan ba ki samu a shagon 'yan Afirka ba, gajeriyar shinkafar da ake yin sushi da ita daidai take, ki sayi tsurarta wadda ba a haɗa da komai ba.

Shugabar zaure:

Masu turo min saƙo a gefe kan ko ya halatta a zauna cin abincin wannan rana, wannan zauren na girki ne, a kai tambayar ga malamai. Hajiya, ƙarin nawa: ki kira surukar taki ki karanta mata jerin kayan, ko ki ɗauki hoton bayan kowane kwali ki tura mata. Masu ciwon nan sun fi kowa sanin abin da ke cutar da su, kuma ba rashin kunya ba ne.

Hajiya daga Ohio:

To, zan sa ɗan nawa ya tura mata. Oben ɗina ɗaya ne kuma talotalo zai mamaye shi. Zan iya dafa shinkafar tun Laraba?

Ma'aikaciyar jinya daga Maryland:

Za ku iya. Da kun sauke ku baza ta a faffaɗan tire ta huce da wuri, ta shiga firji kafin awa biyu. Dafaffiyar shinkafa idan ta daɗe a waje da ɗumi akwai ƙwayar cuta da ke sakin guba a cikinta, kuma ɗumame ba ya kashe gubar. Suyar albasa da laimar kwaɗin ma ku yi Laraba ku ajiye daban. Ranar Alhamis idan kun fito da talotalo, dama sai ya huta kamar rabin awa kafin a yanka, a wannan tazarar cushen zai shiga. Tunda daga firji ya fito ku ƙara masa minti 10 da ɗan romo, kashun kuma ku barbaɗa bayan ya fito don kada ya yi laushi.