Tutoriyal ga 'yan aji ɗaya: in karɓi kuɗi ko in ci gaba kyauta?

Ɗan Kemistiri:

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema musamman wajen waɗanda suka taɓa wannan harkar. Ni ɗan aji uku ne a sashen kemistiri, tun farkon semesta 'yan aji ɗaya suka matsa min in riƙa yi musu tutoriyal na CHM 101, wato kos ɗin kemistiri na 'yan aji ɗaya, saboda yawansu ya wuce misali, wanda ya zauna a bayan hol ko muryar lakcara ba ya ji balle ya ga abin da aka rubuta a allo. Da 'yan unguwarmu kawai na fara, bayan la'asar, yanzu abu ya girma har wasu a taga suke tsayawa.

Toh matsalar ita ce makar rubutu a allo ni ke saye, fotokwafin tambayoyin baya ni ke yi, ranar Asabar kuɗin adaidaita daga aljihuna, ga nawa karatun ya fara yin baya alhali ina neman in kai 4.50 ne a CGPA, wato matsakaicin makin duk kwasa-kwasaina, kafin in gama kuma saura kaɗan. Abokaina sun rabu biyu, wasu na cewa in sa kuɗi ko da kaɗan ne wasu na cewa kul, ka bar wa Allah. Ni kuma wlh ina jin daɗin abin, ba na son in yar da yaran nan ana saura 'yan makonni jarabawa. Ya kuke ganin ya kamata in yi?

Tsohon Ɗalibi:

Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya saka da alheri. Na yi wannan aikin sanda muke makaranta, lissafi nake koyarwa a ƙarƙashin tutoriyal na MSSN, ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta Najeriya, kuma tun kafin a zo maganar kuɗi ni abin da na hango shi ne kai ne kake yin aikin gaba ɗaya su suna kallo, shi ya sa kake gajiya. In kana tsayawa gaban allo awa biyu kana warware tambaya suna kwafa to lakca ta biyu kawai ka buɗe, za su ce maka sun gane, har da gyaɗa kai, ranar tes kuma ka ga abin mamaki.

Miƙa musu makar. Ka rubuta misali an narkar da giram 4 na sinadarin NaOH a ruwa an samu 250 cm³, a nemo ƙarfin ruwan, sai ka kira wani daga can baya ya fito kai ka koma kujerarsa ka zauna. Zai raba 4 da 40, nauyin mol ɗaya na NaOH, ya samu mol 0.1 lafiya lau, a nan ne za ka ga hannunsa ya tsaya, sai ya raba da 250 kai tsaye ya manta ba a mayar da shi dm³, wato lita, ba, maimakon 0.4 ya fito da wata lamba mai sifili rututu. Kar ka yi saurin gyara masa, ka tambayi ajin ina aka kauce, wani ko wata za ta ɗaga hannu. Wannan kuskuren da suka gani da idonsu ba sa sake shi, wanda ka faɗa musu da baki kuwa kafin magariba ya tashi.

Sannan ka zaɓi mutum huɗu ko biyar da suka fi kama abin, ka raba musu sauran rukuni rukuni, kai ka zauna da su kaɗai kafin ranar. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Kuma ka yanke ranaku biyu a sati, in sun wuce sun wuce, makon da kake da naka tes ka sanar tun da wuri babu zama. Kos mai yunit 3 in ka ci A maki 15 ne, in ka faɗo C ya koma 9, mai neman 4.50 biyu irin wannan sun isa su ja shi ƙasa, kuma babu ɗaya cikin yaran da zai iya dawo maka da shi.

Yar Aji Huɗu:

Ni dai roƙona ɗaya malam, duk tsarin da za ka yi ka tuna da mata. Yawancin masu tutoriyal in jarabawa ta matso sai su mayar da shi dare bayan isha'i, mu da muke zuwa daga gida ko masu aure shi kenan an cire mu, babu uban da zai bar 'yarsa ta dawo gida ƙarfe goma da sunan karatu. Ka bar shi da rana ko safiyar Asabar. Kuma don Allah ka riƙa haɗawa da Hausa, da yawanmu daga makarantun gwamnati muka fito, ba kemistirin ne ke ba mu wuya ba turancin tambayar ne, ka bayyana da Hausa a gane sannan ka maimaita da turancin da za a rubuta a takardar jarabawa. Wanda ya yi mana a aji ɗaya haka yake yi, har yau in na tuna shi sai na yi masa addu'a shi da iyayensa, don da ba shi ba da keri oba na fara jami'a.

Mai Shagon Fotokwafi:

Gaskiya ni ban ga laifin karɓar kuɗi ba, kuma masu cewa ka bar wa Allah su kawo kuɗin makar mana. Malamin islamiyya ana ba shi kuɗin wata, mai lesin ɗin yara a gida ana biyansa, sai kai ɗalibi da ake turo maka na abinci daga gida ne za a ce ka ɗauki nauyin mutum sama da hamsin? A bakin makaranta nake sana'a ina ganin masu tutoriyal ɗin kuɗi, suna buga takarda su manna ko'ina kuma ajinsu na cika. Abin da kawai zan ce kar kuɗin ya shiga hannunka kai tsaye, su zaɓi mutum ɗaya cikinsu ya riƙa tarawa, a sayi maka a yi fotokwafi a ba ka na mota, wanda ba shi da shi kar a hana shi shiga kuma kar a kira sunansa gaban mutane. Akwai yaran da sau ɗaya suke cin abinci a rana a makarantun nan, ina ganinsu suna ƙirga shafi kafin su ce in buga.

Malami a Kwalejin Ilimi:

Ɗana, ni malami ne kuma ina son masu irin aikinka don suna rage mana nauyin da mu kaɗai ba za mu iya ba. Amma ka je ka gaida lakcaran da ke da kos ɗin, ka gaya masa abin da kake yi, ka karɓi jerin darussan da zai koyar a bana. Kada ka dogara da littafinka na shekara biyu baya, ana sauya abubuwa, kuma in hanyarka ta bambanta da tasa ka nuna musu duka biyun ka ce ta malam za su rubuta, kar ka taɓa cewa malam ya yi kuskure a gaban aji ko da kana ganin haka ne, ka same shi a ofis.

Maganar kuɗi kuma ka fara tambaya a ofishin kula da harkokin ɗalibai ko wajen shugaban sashe, wasu makarantun ba sa yarda a yi amfani da ajinsu ana karɓar kuɗi ba tare da izini ba. Karo-karo don kayan aiki daban, sa farashi daban. Inda nake jin tsoro shi ne da zarar sun biya wasu za su fara ganin bashi ne a kanka sai sun ci, daga nan za ka ji ana cewa yaya wace tambaya ce za ta fito, yaya ka taimaka ka yi min asamen, wani ma ya kai ga ka shigar masa tes tunda ajin da yawa ba za a gane ba. Duk wanda ya kawo maka wannan ka sallame shi a ranar, shiga jarabawa a madadin wani hukuncinsa kora ne ku biyun.

Ɗan Kemistiri:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Malam in sha Allah ranar Litinin zan je wajen lakcaran. Na yi magana da shugaban ajinsu ya ce zai riƙa tara na maka da fotokwafi, na motar dai na ce a bari tukuna sai na ji daga sashe. Anti 'yar aji huɗu, na mayar da na Asabar ƙarfe tara na safe. Yaya Tsohon Ɗalibi don Allah in sake tambaya, waɗanda ka ce in raba wa rukuni, in ɗayansu ya koyar da abu ba daidai ba ta yaya kake ganewa kafin ya yaɗu? Don akwai wani mai ƙoƙari sosai amma daidaita ikweshan na redoks, wani darasi a kemistirin, har yanzu yana ruɗa shi, kuma shi ne yaran suka fi sakin jiki da shi.