Iska nawa ya dace da tayoyin motata?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Wata biyu ke nan da na sayi mota tokumbo, kuma ba ta zo da littafinta ba. Mai faci ya ga an rubuta 44 psi (ma'aunin ƙarfin iska) a jikin taya, sai ya ɗura wa duka huɗun 44. Tun ranar motar ta yi tauri, ko ƙaramin rami na faɗa sai na ji shi a ƙuguna. Wani aboki kuma ya ce in rage zuwa 28. Da iyali nake tafiya a cikinta, shi ya sa hankalina bai kwanta ba.

Wani makanike: Wa alaikumus salam. Malam, a rage iskar nan. Wannan 44 ɗin kamfanin taya ne ya rubuta, iyakar abin da aka yarda a ɗura mata ke nan. Wanda ya ƙera motar shi ya san nauyinta, kuma ya bar maka amsa a jikinta. Buɗe ƙofar direba ka duba ginshiƙin da take rufuwa a kai, za ka ga 'yar takarda a manne da girman taya da iskar gaba da ta baya. Idan ka ci gaba da 44, tsakiyar taya zai cinye ya bar gefe, kuma riƙon titi zai ragu, musamman in an yi ruwa. Shi ma 28 ɗin kada ka bi shi a makance. Taya mai ƙarancin iska zafi take ɗauka a doguwar tafiya, ita ce ma ta fi fashewa.

Wata 'yar uwa: Tawa daga Jamus ta zo, na sha nema kafin na ga takardar a cikin murfin tankin mai, kuma da wani ma'aunin iska da ake kira bar aka rubuta. Bar 1 daidai yake da kPa 100, wato kusan psi 14.5. To in ka ga 2.2 ko 220, psi 32 ke nan. Layi biyu ne a tawa, ɗaya na zirga-zirgar yau da kullum, ɗaya na ranar da aka cika mota da mutane da kaya.

Mai tambaya: Alhamdulillahi na gan ta, ƙura ce ta rufe ta. An rubuta 32 gaba da baya, girman tayar ma ya yi daidai da waɗanda ke kai. Yanzu na dawo daga aiki, in sace iskar yanzu?

Wani tsohon direba: A'a ɗana, bari sai da safe. Adadin nan na taya mai sanyi ne, wadda ta huta kamar awa uku. Mai zafi takan nuna ƙarin psi 4 ko fiye, in ka daidaita ta yanzu, gobe za ka tarar ta yi ƙasa. Ka sayi gejin auna iska na kanka ka ajiye a mota, don na masu faci ya sha wuya, wani ba ya faɗin gaskiya. Duk wata ka auna. Sifiya in siririyar nan ce, 60 take so. Sannan tunda tokumbo ce, duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da aka rubuta a jikin kowace taya: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Ka turo mana abin da ka gani, don wata tayar gashinta na nan amma ta tsufa.