Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, to amma a bakin wa?

'Yar Garin Malam:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena, ina kwananku ya sanyi. Dan Allah ina neman taimako kan karin maganar nan, shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Jiya a iniversite malaminmu yana mana darasin tarihin aikin hulɗa da jama'a, wato masu tsayawa tsakanin kamfani ko gwamnati da mutanen gari, sai ya ce wai duk abin da Turawa suka yi shekara 100 suna rubutawa a kan aikin nan Bahaushe ya gama shi a wannan magana ɗaya. Ni ko tun jiya abin na damuna, don yadda nake ganin masu aikin suna yi, fuskar kawai ake shimfiɗa mana tabarmar ko fito da ita ba a yi. Haka maganar take nufi, a sakar maka fuska ka zauna a ƙasa?

Ɗan Kasuwar Dole:
Wa alaikumussalam ƙanwata. Wallahi kin taɓo min inda ke min ƙaiƙayi. Akwai wata sosiyete da ta zo ƙauyenmu, ba zan faɗi sunanta ba, suka turo wani yaro mai ladabi ya durƙusa ya gaida maigari ya sha hura da mu, aka raba huluna da riguna masu tambarinsu aka ɗauki hoto aka ce rijiyar burtsatse na nan tafe, har yau matanmu da jaki suke zuwa ɗibar ruwa, rigunan ma sun yage. In wannan ce shimfiɗar fuskar ni a ba ni tabarma, ko da an haɗe rai ne.

Mushe mai ritaya:
Ɗiyata, malaminku ya faɗi rabin gaskiya. Bahaushe cewa ya yi "ta fi", bai ce ta isa ba. In ka ce zuma ta fi rake ba ka ce a sare gonar rake ba. Maganar a kan baƙo take, wanda ya je gidan attajiri aka shimfiɗa masa darduma aka kawo kaji amma maigida na harararsa, da wanda ya je bukkar talaka aka tarbe shi da murna aka ba shi ruwa a ƙoƙo. Na biyun ne zai koma gida da farin ciki.

Amma tunda kin kawo tarihin bari in faɗi abin da na sani, don akwai inda malaminku yake da hujja. A Amurka ƙarshen ƙarni na 19 manyan masu jirgin ƙasa da masu man fetur ba fuska ba tabarma, a 1882 wani ɗan jarida ya tambayi William Vanderbilt mai layukan dogo batun amfanin jama'a, ya ba shi amsar da ke nufin jama'a su je can su ƙarata. In aka yi hatsari rufewa ake a kori 'yan jarida. Sai a watan Oktoba 1906 jirgin kamfanin Pennsylvania ya suɓuce daga kan gada ya faɗa ruwa a Atlantic City, mutum fiye da 50 suka mutu, wani tsohon ɗan jarida mai suna Ivy Lee da ke yi wa kamfanin aiki ya ce musu ku faɗi abin da ya faru da bakinku tun kafin jita-jita ta riga ku, ya rubuta takarda ya raba wa jaridu aka kuma kai 'yan jarida wurin su gani da idonsu. Wannan takarda ita mutane da yawa ke ɗauka a matsayin kominike na farko irin wanda kuke ji ana karantawa a radiyo yanzu. Ni a wurina karin maganar da ta dace da abin da Lee ya yi rannan ba ta fuska ba ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi ce.

Tsohon ɗan radiyo:
Mushe Allah ya ƙara girma, amma ba ka ƙarasa labarin mutumin ba kuma ƙarshen shi ne ke da nauyi. A 1914 a Ludlow jihar Kolorado masu haƙar kwal suna yajin aiki suna zaune a tantuna da iyalansu, sojojin jiha da masu gadin kamfani suka afka musu aka ƙone tantunan, a rami ɗaya ƙarƙashin tanti aka tarar da gawar mata 2 da yara 11. Gidan Rockefeller, attajiran man fetur na Amurka, ne ke da babban hannun jari a kamfanin kwal ɗin. Wa suka ɗauko ya gyara musu suna? Ivy Lee ɗin nan. Ya dinga fitar da takardu a madadin masu kamfani kuma an kama ƙarya a ciki, har da ƙara gishiri kan kuɗin da ake biyan shugabannin ƙungiyar ma'aikata don a ɓata su. A 1915 ɗan Rockefeller ya taka har wurin, ya ci abinci da ma'aikata ya yi rawa da matansu. To ga shimfiɗar fuska nan a kan kaburburan yara. Ni duk lokacin da na tuna wannan sai gabana ya faɗi, don mutum ɗaya ne ya yi na 1906 ya yi na 1914.

Hajiya ta Birni:
Ni ban yi lakol mai zurfi ba amma na girma a gidan da ba a rabuwa da baƙi, bayan fada, kuma akwai abin da ban ji kowa ya faɗa ba cikinku. Wannan magana ba mai gida ke faɗin ta ba. Baƙo ne ke faɗi, lokacin da mai gida ke ba shi haƙuri yana cewa ka zo ba mu da komai, sai baƙon ya ce haba ai shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, don ya kwantar masa da hankali. Ko kuma uwa ta faɗa wa ɗiyarta da ta kai wa baƙo abinci tana ɗaure da fuska. Amma mai gida yana da tabarma a ɗaki a naɗe ya hana, sa'an nan ya buɗe baki ya ce fuskata ta fi tabarma? Wannan rowa ce da rashin kunya, kakata in ta ji haka sai ta ce yabon kai jahilci. Ɗiyata ki tambayi malaminku a bakin wa maganar take fitowa, kamfanin ne ke faɗi ko mutanen ƙauyen su ɗan Dole.

'Yar Garin Malam:
Kai Inna Hajiya Allah ya saka, wallahi ban taɓa lura da wannan ba.

Tsohon ɗan radiyo:
Hajiya kin gama magana, kuma abin tsoron shi ne akwai Baturen da ya gane wannan sirri naki ya mai da shi sana'a. Edward Bernays, wanda Sigmund Freud masanin halayyar ɗan adam kawunsa ne. Ya yi aiki a kwamitin farfagandar da gwamnatin Amurka ta kafa a 1917 don jawo mutane su goyi bayan yaƙi, da aka gama ya ga abin da ya yi tasiri a yaƙi zai yi a kasuwa, a 1923 ya fitar da littafi kan aikin ya kuma fara koyar da shi a jami'ar Niyok. Shi ya san in mai kaya ya yabi kayansa ba a yarda, sai ya dinga neman wanda zai zama kamar baƙo ya yi yabon. A 1929 kamfanin taba na son mata su riƙa shan sigari a fili, lokacin abin kunya ne, sai ya shirya wasu 'yan mata suka shiga jerin gwanon bikin Ista a Niyok suna kunna taba, aka sanar da jaridu wai mata ne ke neman 'yancinsu. Ba wanda ya ga hannun kamfani. Ka ga ya yi hayar baƙon kenan ya sa masa maganar a baki. Daga baya ya yi wa kamfanin ayaba na United Fruit aiki wajen shafa wa gwamnatin Gwatamala baƙin jini a jaridun Amurka, aka yi mata juyin mulki a 1954.

Ɗan Kasuwar Dole:
To ashe maroƙanmu sun fi su gaskiya. Maroƙi in ya tsaya a ƙofar fada yana kirari kowa ya san na sarki ne, ya san abin da ake ba shi.

Mushe mai ritaya:
Shi ya sa nake son kalmar kakaki da muke kiran mai magana da yawun gwamnati da ita. Kakaki ba a busa shi a ɓoye, in ka ji shi ranar hawan sallah ka san Sultan ne ya fito. Amma ɗana kar ka haɗa aikin duka da roƙo. Maroƙi daga sama zuwa ƙasa yake kai magana, shi ko wannan aiki in an yi shi da gaskiya ya fi kama da na mai unguwa, wanda zai kai umurnin sarki ga talakawa kuma ya dawo ya ce ranka ya daɗe mutane na kuka da abu kaza. Su kansu masu aikin sun ga ɓarnar da ake yi da sunansu, shi ya sa suka kafa ƙungiyoyi, ta Ingila a 1948, ta duniya a 1955, a 1965 suka amince da ƙa'idojin ɗa'a a birnin Atina, Bafaranshe Lucien Matrat ne ya rubuta su, a ciki an hana yaɗa abin da ba a tabbatar ba.

Ɗan Magarya a Kano:
Gaisuwa ga iyaye. A nan Najeriya ƙungiyar tasu tun 1963 take, a 1990 aka yi mata doka ta yadda sai mai rajista ya kamata ya yi aikin. Amma ni Mushe ban yarda takarda na hana mai kuɗi naɗe tabarma ba. Abin da na ga yana aiki shi ne in asara ta zo a ga me kamfani zai yi. A 1982 a Shikago wani ya zuba guba a maganin Tylenol mutum 7 suka mutu, kamfanin ya fito ya ce kowa ya daina sha, ya janye kwalba wajen miliyan 31 daga kasuwa da kuɗinsa, daga baya mutane suka koma saye. A nan tabarmar aka fara shimfiɗawa, fuskar ta biyo baya, don haka ni na ce karin maganar ba ta shafi kamfani ba ko kaɗan, ta mutum da baƙonsa ce, kamfani ba shi da fuska sai wadda ya yi haya.

Hajiya ta Birni:
A'a ɗana ban yarda ba. Na je asibiti da jikata cikin dare ba maganin da ake nema, amma wata nas ta zaunar da ni ta gaya min gaskiya babu, ta kwatanta min inda zan samu ta riƙe min yarinyar har na dawo. Ni na faɗi maganar nan rannan da bakina ba wanda ya roƙe ni, kuma ita ma albashi ake biyan ta.

Ɗan Magarya a Kano:
Inna ai ita ba aikin gyaran suna aka ɗauke ta ba, jinya take.

'Yar Garin Malam:
Na gode ƙwarai iyayena. Ranar Litinin muna da darasinsa, zan ɗaga hannu in yi masa tambayar Inna Hajiya, kuma zan kai labarin Ludlow don a kwas ɗin da ya ba mu hatsarin 1906 kawai ya sa. Baba na radiyo dan Allah takardun da Lee ya fitar a Kolorado da sunan wa aka buga su, nasa ko na masu kamfanin? Ina so in riƙe wannan da kyau kafin in tsaya gabansa.

Tsohon ɗan radiyo:
Da sunan masu kamfanonin kwal ɗin aka fitar da su ɗiyata, nasa bai fito a jiki ba, sai da hukumar bincike ta gwamnati ta bi diddigi aka san shi ne ya rubuta.