An ba ni gurbin karatun ɗaukar hoton asibiti, a gida ana cewa hasken yana hana haihuwa

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka san aikin nan daga ciki. Likitanci na nema, makina bai kai ba, sai aka ba ni rediyografi, wato ɗaukar hoton cikin jiki a asibiti. Ni dai raina ya kwanta da shi, amma Umma ta ce ta ji hasken injin yana hana mace haihuwa. Kawuna kuma ya ce nan da 'yan shekaru kwamfuta ce za ta riƙa yin aikin. Sannan har yanzu ban gane ba, in na gama ni ce zan riƙa faɗa wa mara lafiya abin da hoto ya nuna? Kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba.

Wata ma'aikaciyar ɗakin hoto:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Shekarata goma sha ɗaya a aikin nan, 'ya'yana uku duk ina cikinsa na haife su. Tsoron Umma yana da tushe, don kuwa hasken eksire da na CT (injin da ke ɗaukar hoton jiki yanki-yanki da eksire) yana iya cutarwa in ya yi yawa. Bayan da Wilhelm Röntgen ya gano shi a Jamus a 1895, ma'aikatan farko da yawa sun ƙone hannu, wasu sun kamu da kansa, saboda ba su san kariya ba. Yanzu lamarin ya sauya. Kina gyara wa mara lafiya tsayuwa, ki koma bayan bango mai dalma, ki leƙa shi ta gilashin da shi ma akwai dalma a ciki, sannan ki danna. Kina sakin maɓalli hasken ya ɗauke, ba ya zama a ɗaki.

Kullum akwai wani ɗan ma'auni maƙale a ƙirjin rigata, ana karɓa lokaci-lokaci a duba yawan hasken da ya same ni. Ƙa'idar da hukumar duniya ta ICRP, mai ba da shawara kan kariya daga irin wannan haske, ta shimfiɗa wa ma'aikaci ita ce kada hasken da ya same shi ya wuce milisibat (ma'aunin yawan hasken da jiki ya sha) 20 a shekara in aka yi matsakaicin shekara biyar. Don ki gane girman abin, hoton ƙirji ɗaya kusan 0.1 ne ga shi mara lafiyar, kuma kowane ɗan Adam yana samun kusan 2.4 a shekara daga ƙasa da iska da sama ko bai taɓa shiga asibiti ba. In kin samu ciki ki sanar da wuri, za a tsara miki aiki yadda abin da zai kai ga jariri ba zai haura 1 ba. Sikanin da MRI kuwa babu irin wannan hasken a cikinsu sam, ɗaya da sauti yake aiki, ɗaya da maganaɗisu.

Abu ɗaya zan ja miki kunne a kai: kada ki zama mai riƙe wa kowa yaro a gaban inji don tausayi. A ba uwar rigar dalma ta riƙe abinta. In dole ta sa kin tsaya a ɗakin tiyata ana ɗaukar hoto, ki sa rigar ki ja baya. Ninka tazara sau biyu yana mayar da hasken kashi ɗaya cikin huɗu.

Wani likitan rediyoloji:
'Yata, bari in amsa tambayarki ta ƙarshe. Hanya biyu ce daban. Ni sai da na gama likitanci, na ƙara shekara huɗu zuwa biyar ina ƙwarewa, kafin na fara karanta hoto ina rubuta rahoto. Ke za ki zama mai samar da hoton. A wasu ƙasashe, irin su Ingila, mai ɗaukar hoto yana ƙara karatu ya riƙa rubuta rahoton wasu hotuna, amma ya danganta da dokar inda kike. In zuciyarki na kan likitanci ne kawai, kada ki shiga wannan da niyyar raɓewa, za ki yi ta jin ciwo. In kuwa aikin kike so, ki sani rahotona ba ya fin hoton da aka kawo mini kyau.

Maganar Kawu kuma, a 2016 Geoffrey Hinton, babban masanin ƙirƙirarriyar basira, ya ce a daina horar da likitocin rediyoloji, wai kwamfuta za ta fi su iya karanta hoto. Ga mu nan har yau, aiki ya fi ƙarfinmu. Manhajojin suna taimaka mini wajen hango ƙaramin tabo a huhu, gaskiya ne, kuma ki koye su. Amma ban ga wadda za ta lallashi yaro mai kuka ya tsaya cak ba.

Wani da ya gama bara:
Ki ɗaura ɗamarar ilimin sassan jiki da fiziks, nan ake zubar da mutane. Kuma littafi daban, ɗaki daban. Makona na farko aka kawo wani dattijo da ya karye a ƙugu, yana nishi, ba ya iya juyawa yadda aka zana a littafi. Na tsaya hannuna na rawa. Shugabata ta zo, ba ta motsa shi ba, ta juyo da kan injin gefe, ta kafa farantin da ke karɓar hoton a ɗaya ɓangaren, tana yi masa magana a hankali, “Baba, yi haƙuri, saura kaɗan.” Hoto ɗaya ta ɗauka ya fito tas. Ni shawarata ki sa ido a kan MRI tun yanzu, can ne gaba take.

Ma'aikaciyar ɗakin hoto ta sake cewa:
Ƙanena, a nan ban bi ka ba. Wanda bai iya hoton ƙirji da na wuyan hannu ba, MRI ba za ta rufa masa asiri ba. Ta yi shekara biyu tana eksire har hannunta ya faɗa, ta shiga CT, daga nan ta zaɓi abin da ya dace da ita: MRI, sikanin, hoton nono, ko ɗakin da ake bin jijiya da siririn bututu. Kowanne da nauyinsa. Masu sikanin kafaɗa ke damunsu, masu CT kiran dare. MRI kuwa maganaɗisunta ba ya mutuwa ko an kashe fitila an tafi gida, almakashi a aljihu sai ya fizge shi, balle tukunyar oksijin. Sannan kafin ki biya kuɗin makaranta, ki tabbatar hukumar da ke ba da lasisin aikin a ƙasarki ta amince da kwas ɗin, in ba haka ba takardar ba za ta kai ki ɗakin hoto ba.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, Anti da Likita da Yaya. Na karanta wa Umma amsar Anti, ta ce sai ta ga bangon dalmar da idonta. Ana barin mutum ya shiga ya gani?

Ma'aikaciyar ɗakin hoto:
Ku je sashen hoto na asibitin da ke kusa da ku, ku nemi shugaban sashen, ki ce ɗaliba ce ke mai shirin farawa. Ku je da yamma, lokacin layi ya ragu. Ki roƙa a nuna wa Umma ma'aunin da ke maƙale a rigarsu.