Nisan taurari: "shekarar haske" za mu ce ko "tafiyar haske"?

Jama'a, ina neman shawararku kan wata kalma da ta hana ni sakat tun daren Juma'a.

An ɗauke wuta a unguwarmu, Tudun Wada, muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. 'Yata da ke babbar sakandare ta nuna taurarin nan, Kaza da 'ya'yanta, ta ce, "Baba, an ce mana nisansu shekarar haske 440 ne. Wato shekarunsu ke nan da halitta?"

Yarinyar ba ta da laifi, kalmar ce ta ɓatar da ita. Turawa na cewa light-year, mu kuma muka juyo ta yadda take muka ce "shekarar haske". Duk Bahaushen da ya ji haka, lokaci zai kawo a ransa, kamar an ce shekarar fari ko shekarar kwabo. Alhali abin nan ma'aunin nisa ne, ɗan'uwan mil da kilomita.

Haske na gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, wato kafin ka ƙifta ido sau biyu ya zagaye duniya sau bakwai da rabi. Mutanen zamanin da sun ɗauka ba ya ɗaukar lokaci ko kaɗan, sai a 1676 wani masani ɗan ƙasar Denmak, Ole Romer, ya nuna cewa shi ma tafiya yake yi. Nisan da haske ke ci a shekara cur, kimanin kilomita tiriliyan 9.46, shi ne ma'aunin da muke nema wa suna.

Da safe na kai maganar wurin wani dattijo da muke sallah tare, tsohon malamin firamare. Bai ɓata lokaci ba ya ce, "Ɗana, ai zangon haske ke nan." Wallahi ta yi mini daɗi a kunne. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro da zango suke ƙirga hanya, kuma kowa ya san zango ƙasa ce da aka taka, ba kwanan wata ba. Na kwana biyu ina jujjuya ta.

Amma na same ta da rauni biyu. Ba ta faɗi tsawon tafiyar ba, mai sauraro zai tambaya: zangon yini ne ko na shekara? Sannan ba ta lanƙwasuwa. Hasken rana na iso mana cikin minti 8 da daƙiƙa 20, na wata kuwa daƙiƙa ɗaya da 'yar ɗoriya. Yaya za ka faɗi waɗannan da zango? Ga shi kuma yaran yanzu da sun ji zango sai su tuna zangon karatu.

Ni dai na fi karkata ga kalmar da ke bakinmu tun kaka da kakanni: tafiya. Tambayi direba a tashar Kawo nisan Zariya, ba zai ce maka kilomita 80 ba, zai ce tafiyar awa guda ce. Kakanninmu na cewa gari kaza tafiyar kwana uku ne. Ko a wa'azi mun saba jin "tafiyar shekara 500", kuma babu wanda ya taɓa ɗauka tsufa ake nufi. Ashe dama muna auna nisa da lokaci, abin da ya rage kawai a faɗi wa ke tafiyar, raƙumi ne, mota ce, ko haske.

Ku gwada ta ku ji. Rana tana tafiyar minti 8 na haske, alhali motar da ke gudun kilomita 100 a awa, ba tsayawa, sai ta haura shekara 170 a hanya. Proxima Centauri, tauraron da ya fi kusa da ranarmu, tafiyar shekara 4 da 'yan watanni ne na haske. Shi'ira, wadda sunanta ya zo a Suratun Najmi, tafiyar shekara 8 da rabi. Jimlar na zama daram, ba sai an bi ta da dogon bayani ba.

Wata malamar kimiyya ta rubuto mini cewa irin wannan jimlar ta yi tsawo ga allo da takardar jarrabawa. Gaskiyarki, Malama. A nan sai a taƙaita ma'aunin da "tafiyar haske", a bayyana sau ɗaya a farkon darasi cewa ta shekara ake nufi. Masu cewa a bar "shekarar haske" tunda kunne ya fara sabawa, ina roƙonku ku jarraba ta a kan mutum uku a kasuwar Bacci, ku tambaye su me suka fahimta.

Daren jiya na sake fita da yarinyar. Na ce mata Kaza tana tafiyar shekara 440 na haske daga nan. Ta yi shiru tana lissafi da yatsu, can ta ce, "Ke nan hasken da muke gani ya baro can tun kafin jihadin Shehu na 1804?" Na ce da fiye da shekara 200 ma.

'Yan rediyo da malaman makaranta da ke nan, ku karanta ta da ƙarfi ku faɗa mini ko harshe na sarƙewa.